Walda a Ƙarƙashin Fenti

Nu'uman direban motar kai kaya ne a wani kamfanin kujeru a Riyad, amma a unguwar Manfuha da babur ɗinsa aka fi saninsa. Irin wanda ake kira kuruza ne, baƙi, mai nauyi, gajere. Mai shi kan zauna a kishingiɗe, ƙafafu a miƙe gaba kamar wanda ake yi wa aski. Babur ɗin tsoho ne, amma Nu'uman ba ya barin ƙura ta kwana a jikinsa. Rugugin injinsa kuwa, tun daga bakin layi maƙwabta ke sanin ya dawo.

Sai dai kuruza ta yawon gari ce. Da ya yi nisa iska za ta dinga dukan ƙirjinsa, baya ya riƙe, tankin mai ya ƙare. Shi kuwa ya ci burin wata Juma'a ya hau babur har Dammam ya ga teku.

Da wannan burin ya je unguwar Gubaira, garejin Sha'aban, mai gyaran babura. Garinsu ɗaya, Gumel. Sha'aban ne ya tarye shi ranar da ya sauka ƙasar, ya ba shi katifa, suka daɗe suna ci a faranti ɗaya. Yaya Nu'uman yake ce masa, kuma har cikin zuciya.

Sha'aban ya yaye tamfol daga kan wani jan babur dogo, sai sheƙi yake. Ga gilashin tare iska a gaba, ga akwatunan kaya biyu a gefe.

"Wannan shi ne dabbab na tafiya, ƙanena," in ji Sha'aban, yana kiran babur yadda ake kiransa a can. "Ga gudu, ga jin daɗin zama. Ka bar wa tsofaffi waccan kujerar aski. Mu yi musaya, ka ba ni taka ka ɗauki wannan. Wallahi don kai ne."

Nu'uman ya yi ta godiya, ya bar masa kuruzarsa, ya hau jan babur ɗin.

Da ya koma gida, abokin zamansa Mamane, mutumin Maraɗi, ya zagaya babur ɗin ya ce, "Ya yi kyau. Amma ka kai shi fahas tukuna, masu na'ura su duba lafiyar ƙarfensa. Ba a cinikin biri a sama."

"Haba Mamane! In kai kayan Yaya Sha'aban a bincika? Ai na ce masa maƙaryaci ke nan. Da wane ido zan dube shi?"

Ka ji fa, mai karatu. Da a hannun Balarabe ko Ba'indiye ya karɓa, da har ƙasan inji sai ya leƙa. Amma da yake ɗan gari ne, sai kunya ta rufe masa ido. Wannan hali namu ne, kuma ya sha kai mu ya baro.

Ranar Juma'a da hantsi ya kama hanyar Dammam. Gaskiya babur ɗin ya yi daɗi. Iska na wucewa ta saman kansa, baya shiru, allurar gudu tana ta hawa. Har dariya ya yi shi kaɗai cikin hular kwano.

Can gaba wata tirela ta rage gudu. Nu'uman ya damƙi birkin gaba. Sai ji ya yi ƙas! Wuyan babur ya rabu biyu, tayar gaba ta yi nata wuri, shi kuma ya bi kwalta.

A asibiti ya farka, babu ƙafar dama daga gwiwa. Ita ce ƙafar da yake taka totur da birki da ita, ita ke ciyar da matarsa da 'ya'yansa a Gumel.

Ɗan sandan hanya da ya zo ɗaukar bayani shi ya faɗa masa sauran. Babur ɗin ya taɓa mummunan haɗari, daga tashlih aka ɗauko shi, wato inda ake jibge matattun motoci. An yi wa karyayyen wuyan walda, aka shafe da jan fenti.

Nu'uman bai yi kuka don ƙafa ba kamar yadda ya yi don wannan magana. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya yi masa jaje, sannan ya buga masa takardar fita ƙasar, domin ba a ajiye direba mai ƙafa ɗaya.

Ana jibi zai tashi, yana kwance a ɗaki a Manfuha, sai ya ji rugugin da ko a mafarki zai gane. Kuruzarsa ce ta tsaya a ƙofar gida. Sha'aban ya shigo da ledar lemo da ayaba.

"Sannu, ƙanena. Ƙaddara ce, sai haƙuri."

"Yaya, ka san da waldar?"

Sha'aban ya dubi bango. "Ai ta kama sosai. Na ɗauka za ta riƙe."

"Ka sani, ka bar ni na hau? Na ce maka Dammam za ni!"

"To ai ba ka tambaye ni ba. Kuma ban hana ka kai shi fahas ba."

Nu'uman ya juya fuskarsa. Yana nan kwance ya ji an tayar da injin, ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace a ƙarshen layi.

Jama'a, wanda ya ɓoye aibin kayansa ya miƙa wa wanda ya yarda da shi maci amana ne, ko da uwa ɗaya ta haife su. Ku kuma masu saye, bincike ba zargi ba ne. Ku duba abin da za ku ɗora ranku a kai kafin ku hau, domin kunya ba ta mayar wa mutum ƙafa.