Ranar da Ja'afaru Ya Sauko da Gudu

Duk majalisar unguwar Abakpa an san Ja'afaru da cewa shi akuyar dutse ne. A faɗarsa, yana saurayi ya sha hawa duwatsun da ko biri sai ya yi bisimilla. Shi ya sa da 'yan ofishinsu suka shirya yawon Sallah zuwa wani dutse can bayan Katabu, ya ce har da Umaima zai hau, 'yarsa mai shekara biyar.

Matarsa Hansai ba ta so ba. Ta gyara wa yarinyar hijabi ruwan ɗorawa, na ankon da matan ofis suka ɗinka wa yara, ta ce masa ko ƙwarzane ta gani a jikinta, ya nemi inda zai kwana. Ita da sauran mata suka zauna a gindin dutse, wajen motoci da kulolin abinci.

Ba a yi rabi ba, akuyar dutse ta fara haki. Hanya ta tsuke, dama rami, hagu ƙaya. Jama'a suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu yarinya ce ta gaji, alhali yarinya tana gaba tana bin ƙadangare. Ya samu inuwa ya jingina, wai ya ɗan rufe ido.

Tsawa ce ta tashe shi.

Gari ya yi baƙi. Babu muryar kowa, ko tsuntsu ya yi shiru. Babu Umaima. Nan take duk labaran da ake yi ƙasa-ƙasa a majalisa suka dawo masa, na waɗanda ake ɗauka a daji, sai dai a ji waya.

Ya zagaya wani ƙaton dutse. Ga hijabin can, ta tsuguna ta ba shi baya tana tsintar tsakuwa. Can gaba da ita kuma, wani dogon mutum ya fito daga cikin ciyawa, ya naɗe fuska da tawul, sanda a hannu. Wajen yarinyar ya nufa.

Ja'afaru bai yi shawara da kowa ba. Ya sure ta ya saɓa a kafaɗa, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

"Kai! Ajiye ta!"

Ruwa ya kece. Yarinya na tsala ihu tana dukan bayansa, yana ce mata ta yi shiru, Baba ne. Ta yi masa nauyi fiye da ɗazu, amma tsoro ai nauyi gare shi. Hularsa ta tafi, takalmi ɗaya ya bi ta. Ya zame, gwiwa ta daku, ya miƙe. Takun mutumin ya ɓace na ɗan lokaci, sai ga shi ya dawo, a hankali yanzu, da nauyi, amma bai fasa ba.

Da ya faɗo gindin dutse, kowa ya riga ya sauko ta hanya mai sauƙi, an cunkushe ƙarƙashin bishiya. Ganin jama'a, sai bakinsa ya dawo. Ya ce masu garkuwa ne, sun kai biyar, ya kayar da biyu da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da 'yarsa. Ya juya ga Hansai ya ce ga ta nan, ko ƙwarzane babu.

Hansai ba ta miƙa hannu ba. Ƙafar yarinyar take kallo, da takalmin da ba ita ta saya ba.

Ciyawa ta motsa. Mata suka ja baya. Dogon mutumin ya fito jiƙe sharkaf, ya zare tawul, sai ga Labaran, sabon direban ofis. Ya durƙusa ya sauke Umaima daga bayansa, tana lasar alawa.

"Oga," ya ce yana haki, "ga taka, ba ni tawa."