Jiƙon Khamisu

Khamisu maƙaryaci ne, kuma ya sani. Tun saukar soja daga mulki yake yawo da lasifika a Agege, yana ce wa dattawa masu ciwon dajin mafitsara: "Kada ku yarda likita ya yanka ku. Ku bar nama, ku ci tumatir, ku sha jiƙona." Jiƙon kuwa ruwan kanwa ne da ɓawon mangwaro. Direbobin Apapa biyu sun bi maganarsa har kabari.

Da fitsari ya fara gagararsa, sai ya sulale asibiti a ɓoye. Likita ya ce ciwon ne, amma tiyata za ta cece shi. Nan take ya sa hannu.

Ranar aikin, sai ga matarsa Rahma da 'ya'yansa maza a bakin gado.

"Malam, tsoro ne ya ruɗe ka," in ji ta. "Ga magani a gida? Isah, ku ɗauki babanku."

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya hango masu sayen jiƙonsa cike da ƙofa. Ya haɗiye maganar.

Shekara biyu ana ɗura masa jiƙonsa safe da yamma. A ta uku aka binne shi.