Sabon Kuben Delbert Hruska

Delbert Hruska ya ajiye bindigarsa a kan teburin baduku, bakinta na kallon bango, yadda ya saba tun yana ɗan sandan gunduma a nan yammacin Texas. Babbar fistol ce mai nauyi, mariƙinta na ƙahon barewa, ya yi santsi don shan hannu.

"Kuben bindiga nake so, Chuy. Na ɗamara, wanda ba ya yi wa mutum gardama."

Chuy Barrera ya ɗauki bindigar, ya zare harsasan, ya zuba su a aljihun rigar aikinsa. "Tsohon fa, yallaɓai? Babana ne ya ɗinka maka shi."

"Ya saki kamar tsohon takalmi. Shi ya cuce ni ranar Talata."

Abin da ya faru ranar Talata shi ne, Delbert ya fito da safe ya tarar da mutum tsaye a kicin, yana taɓa kwanukan matarsa Verna. Ba yau aka fara ba. An daɗe ana shigo masa gida, a kawar da kujera, a ɓoye masa makullin mota. Bai ga fuska ba, furfura kawai ya hango. Ya kai hannu, bakin bindiga ya sarƙe a fatar da ta lanƙwashe, harsashi ya tafi ya huda firji.

"Verna ita kaɗai nake bari a gidan nan," in ji shi. "In ya sake dawowa, ba zan kuskure ba."

Babu fushi a muryarsa. Kamar mai faɗin farashin ciyawa ya faɗe shi.

Matar da ta kawo shi a mota tana zaune a benci kusa da ƙofa, tsakanin sirdi da linzamai, jaka a cinya, auduga a kunnen hagu. Delbert bai riƙe sunanta ba. A ganinsa cikin matan cocin nan ce, masu kai tsofaffi unguwa don neman lada. Tun da suka shigo, bango take kallo.

Chuy ya jera kube uku, duk na bahago. Na farko shimfiɗaɗɗe ne mai kafa biyu ta ɗamara, yana manne bindiga da ƙugu. Na biyu na masu yini a mota ne, a gaba ake ɗaura shi a karkace. Na uku fatar sa ce mai kauri, da maɗauri a sama wanda ake ɓallewa da babban yatsa.

Delbert ya shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ya matsa bakinsu ya ga ko za su lotsa, ya bi ɗinkin da farce. Ya ture na ukun.

"Maɗauri na masu tsoron bindigarsu ne."

"Haba yallaɓai! Kai da bakinka ka koya mana cewa bindiga mai nauyi ba a barinta ba linzami. Ko tsufa ya sa ka fara sake?"

Delbert ya sake duban kuben. Bai tuna ya faɗi haka ba, amma maganar ta yi kama da tasa. Ya jawo na ukun gabansa.

"A ƙara wa ɗamarar huda biyu," in ji matar daga benci. "Ya rame."

"Baiwar Allah, wa ya sa da ke?"

Ta mayar da idonta bango.

Chuy ya kwashi bindiga da kube ya shiga ɗakin baya, inda yake jiƙa fata ya matsa ta a jikin bindigogin gwaji, na sanholon ƙarfe waɗanda ba sa harbi, don kowane kube ya ɗauki siffar abin da zai riƙe. Aka ji ƙarar sukundireba, sannan bugun guduma sau biyu. Ya ɗan jima. Delbert ya ciro hoton da ke walat ɗinsa yana kallo: Verna a bakin kogi, baƙin gashi har kafaɗa, tana dariya da ƙaton kifi a hannu.

Da Chuy ya fito, bindiga na cikin kube, ƙahon barewa kawai ke leƙowa. Ya durƙusa ya ɗaura masa da kansa.

"Ta yi sauƙi," in ji Delbert.

"Aikin kube mai kyau ke nan, ya raba nauyi." Delbert ya kai yatsa ga maɗaurin, Chuy ya riƙe masa hannu. "A'a. Ka fi ni sanin sabuwar fata. A bar bindiga ta kwana a ciki, kada a zare sai ta zauna, in ba haka ba kuben ya lalace."

"Kwana nawa?"

"Zan aiko maka."

Wannan ƙa'ida Delbert ya san ta tun kafin a haifi Chuy, don haka ya sauke hannu. Ya tsaya gaban madubi, ya gyara hula, kafaɗarsa ta miƙe kaɗan. Ya fita bai yi sallama ba.

Matar ta tashi a hankali. Chuy ya rage murya, ya matso ta ɓangaren kunnenta na dama. "Bindigar ta gaskiya na kulle ta a akwatin ƙarfe. Ta gwaji ce a jikinsa, mariƙin kawai na mayar mata. Maɗaurin kuma na buga masa ƙusa, ba zai ɓalle ba har abada."

Ta gyaɗa kai. Kuka ma ya ƙare mata tun ranar Talata.

A mota ta same shi, hannunsa na hagu a kan sabon kube.

"Yi sauri, baiwar Allah, matata ita kaɗai ce a gida."

Verna ta tura furfurarta bayan kunnen da ya daina ji tun harbin nan, ta tada mota, ta ce, "To, Delbert."