Sautin da Ya Ƙi Gyaruwa

A daƙiƙa ta goma sha ɗaya sautin yake lalacewa, kullum a nan. Kiɗa zai fara lafiya lau, sai wani abu ya shigo kamar an take wutsiyar kyanwa, ya yi sama, ya karye, ya dawo da gurnani.

Sabuwa ta cire abin kunne na sauraro ta dafe goshi. Wata uku ke nan da aka ɗauke ta gwaji a kamfanin da ke ƙera lasifika marar waya, har yau ba wanda ya damu ya riƙe sunanta. Ranar Alhamis wa'adinta zai cika, takardar tabbatar da ita tana kan teburin Manaja ba sa hannu. Shi ne ya miƙo mata filashi ranar Litinin, ya ce ta gwada sabuwar lasifika da fayil ɗin da ke ciki, don ranar Alhamis zai tafi gida da ta farko.

Aikinta shi ne direba, wato manhajar da ke karɓar bayanai daga iska ta jera su a ma'ajiyar na'ura. In sauti ya iso a hargitse, ita za a kalla.

Ta shiga tono. Ranar Talata ta gano wani wurin ajiya da ake sallamawa amma a ci gaba da rubutu a ciki, kamar ɗan haya da ya tashi bai mayar da makulli ba. Ta gyara, ta kunna. Kyanwar tana nan. Laraba da safe ta kama wani wurin da ake ɗura wa bayanai fiye da cikinsa, suna malala kan na maƙwabta. Shekara biyu kuskuren yana kwance, manyan injiniyoyi suna tsallake shi. Ta gyara har da 'yar rawa a kan kujera, ta kunna. Ji ta yi ma kamar kyanwar ta ƙara lafiya.

Dogo, mai teburin kusa da nata, ya leƙo. "Me manhajar kwatance ta ce?"

"Wai abin da aka tura da abin da ya iso daidai suke, ko ɗigo bai ɓace ba."

Ta ɗora masa abin kunne. Bai kai daƙiƙa ashirin ba ya cire ya ce, "To ita ma manhajar ba ta da lafiya."

Haka Sabuwa ta ƙarasa yinin tana duba manhajar da ya kamata ta duba ta. Akwatin gwaji da ke tura fayil ɗin zuwa lasifikar ba shi da lasifika tasa, ita kuwa lambobi ta iya karantawa, su ta yi ta bi har idonta ya yi ja. Tsoro ya kama ta sosai, don ta riga ta gaya wa mahaifiyarta aiki ya zauna.

Alhamis da hantsi Manaja ya tara ma'aikata a ɗakin taro, da sabuwar riga, da kofin ruwan ɗumi da zuma da ya kwana biyu yana yawo da shi. An ɗaura wa lasifikar jan ƙyalle.

Sabuwa ta miƙe. Ta riga ta yanke cewa gara a sallame ta da gaskiyarta.

"Yallaɓai, kurakurai biyu na gyara, amma akwai na uku da ya fi ƙarfina. Kada a kai wannan gidan kowa. Ku ji da kunnenku."

Manaja ya ɗaga hannu zai yi magana, amma ta riga ta danna. A daƙiƙa ta goma sha ɗaya sakatariya ta toshe kunne. Dogo ya ce a ba shi ɗaya ya kai gida, ɓeraye sun dame su. Dariya ta ɓarke, har mai gadi ya leƙo ta taga.

"Ka ji ko, Yallaɓai?" in ji Sabuwa. "Babu maƙogwaron ɗan Adam da zai fitar da wannan. Injin niƙa ma ya fi shi tausayi."

Manaja ya ajiye kofinsa a hankali. Ya jawo takardarta da ya shigo da ita ya sa hannu, bai kalli kowa ba.

"Direbanki lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Yau shekararmu ashirin da aure, wata biyu na yi ina koyon waƙar nan saboda maman yara, kuma yadda kuka ji ta ɗin nan haka na rera ta."