Oba-obar Malam Balarabe

Tun kafin a gama shimfiɗa tabarma a gefen dam ɗin Bakolori, Malam Balarabe ya fiddo oba-oba guda biyu da ya sayo da araha a kasuwar Talata Mafara. Sai juya su yake yana murmushi, kamar yaro da kayan Sallah.

Taubashinsa Sambo, mutumin Maradun, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kayan wasan yara ne, in suka kai magana gonar albasar can nesa, ya yarda ya ba da hularsa. In kuwa suka gaza, shi zai tafi da ta Balarabe, ya kuma ba duk Maradun labari.

Balarabe ya miƙa wa matarsa Taibatu ɗaya, ya ce ta zauna da yara. Ta karɓa, ta jawo takalmanta kusa.

Suka bi bakin magudanar ruwa, shi da Sambo. Ya danna, ya kira.

"Ina jin ka, Malam," in ji Taibatu, tar kamar tana kusa.

Suka wuce gonakin shinkafa, ya sake kira, ta amsa. Suka wuce injin ban-ruwa, ta amsa, har da ɗan haki. Balarabe ya ce iskar dam ce ke shiga na'urar. Daɗi ya kwashe shi, ya riƙa kiranta ba dalili, yana tambayar ko miya ta yi zafi, yana ɗan tsalle, rigarsa na kaɗawa. Dariyar Sambo kuwa sai raguwa take.

A gonar albasa muryar ta fito sarai. Sambo ya cire hula ya miƙa.

Ɗokin nuna ganima ya hana Balarabe komawa a ƙasa. Ya tare mai babur, suka hau, hula biyu a kansa.

A kan tabarma yara kaɗai suka tarar. Ya danna oba-oba, ya kira, ya sake kira. Shiru.

'Yarsa Salma ta ja hannunsa gefe, nesa da kunnen Sambo, ta raɗa masa:

"Baba, Inna ta gwada abin nan jiya, ko zaure bai kaiwa daga ɗaki. Tun da kunka tashi tana biye da ku, tana laɓewa cikin shinkafa."