Ƙusar Hanyar Jirgi

Ina ɗan shekara tara a Yashe, zamanin Turawa, kakana ya aike ni ɗakinsa bayan la'asar in ɗauko masa carbi. A ƙarƙashin buzunsa na ci karo da wata ƙatuwar ƙusa naɗe cikin tsumma. Warin tsatsarta ya kama mini tafin hannu.

"Kaka, wannan fa?"

"Ta hanyar jirgi ce," ya ce. "Diban gwamna aka yi, aka tafi da ni da ƙanena Tanko aikin shimfiɗa dogo. Zazzaɓi ya kashe shi can. Na rufe shi gefen layi, na kafa ƙusa ɗaya bisa kabarin, na riƙe 'yar'uwarta."

"Ka koma?"

"Na koma, jikana. Kwana uku ina bin layin, ko'ina iri ɗaya." Ya karɓi ƙusar. "Innarmu har ta rasu tana tambayata inda na baro shi."

Yanzu na girmi kakana na ranar nan. Jirgi ya daina bin layin, ciyawa ta cinye shi. Amma ban taɓa tsallaka shi ban yi sallama ba.