Bel ɗin inji na uku

"Zai jure zafin inji na uku?"

Babban injiniyan bai ko ɗago ba. Juya bel ɗin injin da wata 'yar talla ta kawo masa yake yi, kamar mai neman tsutsa a tumatir. Ɗazu da aka zaga da ita masana'antar, ta ji zafin injin nan har cikin takalminta. Wata huɗu tana sintiri kafin ta samu ganin mutumin nan, kuma manajanta ya ja mata kunne: kome aka tambaya, ki ce e.

Ta goge gumin tafinta a jikin jaka.

"Ranka ya daɗe, ba zai jure ba. Kafin wata guda ya narke. Inji na ɗaya da na biyu kam, zai yi muku shekara."

Ya ajiye bel ɗin a kan tebur. Shi ke nan, bakina ya ja mini, ta ce a ranta. Ta fara tattara takardunta.

"Ina kuma za ki, 'yata?"

Ya jawo durowa, ya fito da wani bel irin nata sak, ya narke ya ƙanƙance, da katunan 'yan talla biyar ɗaure a jikinsa.

"Tun bara na gwada shi da kaina. Duk waɗannan sun rantse mini zai jure. Zauna mu yi maganar na ɗaya da na biyu. Katinki kuwa, ba durowar nan zai shiga ba."